Darasi na Tara: Idan Linux ya ce bai ga faifai ba

A Bauchi yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso shagunan Wunti. Irin waɗannan ne ake son ɗora wa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, saboda kyauta ne kuma wasu ire-irensa ba su da nauyi. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, ya fara shi a 1991. Daga cikinsa aka sami ire-irensa kamar Debian a 1993, da Ubuntu a 2004.

Ga matsalar da ke ɗaure wa ɗalibai kai. Kun sa faifan CD ko DVD mai ɗauke da Debian, kwamfuta ta tashi da shi, kun zaɓi harshe da ƙasa. Can sai Debian ya tsaya, ya rubuto da Turanci cewa bai ga na'urar karanta faifai ba. To da me ya tashi, in bai gan ta ba?

Ku tuna da tashar Muda Lawal. Ɗan kamasho ne ke loda fasinja, amma ba shi ke tuƙi ba. BIOS, wato ɗan shirin da ke zaune a jikin kwamfuta tun daga masana'anta, shi ne ɗan kamashon. Shi ya karanta farkon faifan ya tayar da Linux. Daga nan ya janye hannunsa. Yanzu Linux ne zai nemo na'urar da kansa, da nasa kayan aiki. In bai gane hanyar da aka haɗa ta ba, sai ya ce babu, alhali tana nan tana juyi.

Kada ku yi saurin kwance kwamfuta. Ku fara da faifan. Ku ɗaga shi ga haske, in akwai ƙura ko shatin yatsa, ku goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Idon na'urar ma yana cin ƙura, musamman da hunturu. Ku gwada wani faifan da kuka san lafiyarsa ƙalau. Wanda aka ɗauke wuta ana cikin kwafarsa kuwa, ku yar da shi kawai, ku kwafi sabo a hankali, ba da gudu ba.

In faifai lafiya, sai BIOS. Ku kunna kwamfuta kuna danna F2 ko Del, a yawancin HP kuma F10. Ku duba ko sunan na'urar ya fito a jerin abin da ke haɗe. In bai fito ba, waya ce. Ku kashe, ku zare daga wuta, ku buɗe murfi ku danna wayoyin biyu da ke bayanta su zauna daram. Tsofaffi masu faffaɗar wayar IDE suna da ɗan makulli a baya mai nuna wace ce babba, wace ce ƙarama. In na'urori biyu a waya ɗaya duk suka ce su ne babba, rigima ce.

In sunan ya fito, ku nemi wurin da aka rubuta SATA, wato mahaɗin da ke tsakanin na'urar da kwamfuta. Sau da yawa za ku tarar an sa salon aikinsa a RAID ko IDE. Ku mai da shi AHCI, ku adana, ku sake gwadawa. A ganina nan ne aka fi samun bakin zaren. Amma hattara: in akwai Windows a kwamfutar, canjin nan yana iya hana shi tashi. Ku rubuta yadda kuka tarar da wurin a takarda kafin ku taɓa.

Masu ɗan ƙarfin hali suna iya tambayar Linux kai tsaye. A Debian, ku danna Ctrl da Alt da F2 tare, sannan Enter, ku rubuta:

ls /dev/sr0

In ya maimaito muku sunan, ya ga na'urar, laifin na faifai ne. In ya ce babu, mahaɗin ne bai gane ba.

In duk an yi bai yiwu ba, ku bar faifai ku koma filash. Manhajar Rufus tana zuba Linux a filash cikin 'yan mintoci, sai dai tana share duk abin da ke ciki, don haka ku kwashe hotunanku tukuna. Dama CD megabait 700 yake ɗauka, DVD na gama-gari gigabait 4.7, shi kuwa Ubuntu 24.04 ya fi ƙarfin duka biyun.

Aikin aji: ku zauna bibbiyu a gaban kwamfuta ɗaya. Ɗaya ya shiga BIOS ya karanto sunan na'urar faifai da abin da aka sa a SATA, ɗaya ya rubuta a littafinsa. Ku fita ba tare da adana komai ba, sannan ku yi musanya.