Yadda Ake Sa Rigar Yayin 1950 Mai Buɗaɗɗen Siket da Fatari

Wannan ɗinkin daga Faransa ya taso. A watan Fabrairun 1947 mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da riguna masu matse ƙugu da siket mai faɗin gaske a birnin Paris, lokacin da mata a Turai suka gaji da tsukakkun kayan da ƙarancin yadi na Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta musu. Cikin shekarun 1950 yayin ya mamaye Amurka da Ingila, 'yan mata har suna jiƙa fatarinsu na raga a ruwan sukari don ya yi tauri. Yau ma ana sa shi, sai dai da yawa suna fitowa siket ɗin ya langaɓe ko fatari yana leƙe, saboda sun fara da riga. Da fatari ake farawa.

Ki nemi fatarin tun kafin ki je wurin tela. Akwai na raga mai tauri, wanda ke tsayar da siket sosai amma yana ƙaiƙayi, akwai kuma na shifon mai laushi da ke ba da cika kaɗan, yana lilo idan ana tafiya. Na zuwa biki, mai hawa biyu ko uku ya isa. Ki duba cewa yana da shafi na auduga a ciki, domin raga ta nailan a kan fata da rana tsaka azaba ce. Abin da ya fi muhimmanci shi ne saman fatarin, daga ƙugu zuwa kwankwaso, ya kwanta lumui ba tattara. Idan cikar ta fara tun daga ƙugu, ƙugun ya ɓace, kuma duk kyan ɗinkin a kansa yake.

Sai awo. Ƙugun da ake nufi ba inda kike ɗaura zani ba ne. Ki ɗan karkata gefe, inda jikinki ya lanƙwashe, sama da cibiya kaɗan, nan za ki zagaya tef. Siket ɗin da'ira ce mai ramin ƙugu a tsakiya. Ki raba abin da kika samu da 6.28, shi ne nisan da za a auna daga kusurwar yadin da aka ninka a yanke ramin ƙugu. Mai inci 30 za ta samu kusan inci 4.8. A nan mutane ke mamakin yawan yadin da ɗinkin ke ci. Idan tsawon siket ɗin inci 30 ne, watau tsakiyar ƙwauri kamar yadda aka fi sa shi a wancan zamanin, da'irar za ta kai faɗin inci 70. Atamfa ba ta da wannan faɗin, don haka rabi biyu za a yanka a haɗa, siket kaɗai ya lashe kusan yadi 4. Mai son ya sauka har idon sawu ta shirya yadi 5, abin da zai rage daga turmi da ƙyar ya fitar da saman rigar, balle ɗankwali. Ki kuma lura da zanen: a siket mai cikakken zagaye, zanen da ya tsaya daidai a gaba zai kwanta a gefe. Ɗige-ɗige, ƙananan furanni ko yadi marar zane sun fi rufa asiri.

Ga matakin da teloli masu sauri ke tsallakewa. Bayan an haɗa siket ɗin, kada a yi masa kalmasa nan take. A rataye shi ya kwana, domin wuraren da aka yanka a karkace suna miƙewa su fi sauran tsawo. Washegari ki sa shi a kan fatarinki, da takalmin da za ki fita da shi, tela ya auna daga ƙasa ya daidaita bakin. Fatari yana ɗaga siket, shi ya sa awon da aka yi ba tare da shi ba yake ƙarewa a gajeren ɗinki. Siket ya zarce fatari da inci ɗaya ko biyu. Idan ya zarce da yawa, bakin zai karye ya rataya kamar laimar da ƙarfenta ya ɓalle. Kada ki yi ƙorafin kuɗin kalmasa, bakin siket ɗin nan ya kai yadi 6.

Ranar fita, ki fara sa gajeren wando ko dogo mai kama jiki a ciki, iska ba ta da kunya da irin wannan siket. Ki ɗaga fatarin ya zauna daidai ƙugu, ki girgiza shi ya buɗe, sannan ki zura rigar ta ka. Ki sa hannu ta ƙasa ki warware duk inda raga ta naɗe, ki juya a gaban madubi ki duba baya. Bel mai ɗan faɗi yana ƙara fitar da ƙugu. Sama kuwa ya zama mai kama jiki. Idan za ki ɗora wata 'yar riga, ta tsaya a ƙugu. Mayafi mara nauyi ya fi dacewa, don mai kauri da tsawo yana danne siket ɗin ta baya. Takalmi mai ɗan tudu ko fulat mai tsinin baki, duk suna tafiya.

Wajen zama, ki shafo siket ɗin daga baya zuwa ƙarƙashin cinya kafin ki sauka, ki zauna a gaba-gaban kujera, ki danne gaban da tafin hannu. A mota ki tattaro gefen ciki kafin a rufe ƙofa, in ba haka ba ki iso da baƙin mai a bakin riga. Babur kam a haƙura da shi ranar.

Fatari da hannu ake wanke shi, cikin ruwan sanyi, ba a murɗe shi, kuma dutsen guga mai zafi yana narkar da nailan. Ki shanya shi a inuwa, ki rataye shi kai ƙasa don cikar ta dawo. Idan ya yi laushi bayan wanki da yawa, ki fesa masa sitati ki bar shi ya bushe a buɗe.