Yadda zaka bi sizin ɗin tim ɗin kwando na jami'a a Amurka daga Nuwamba har Afrilu

Yawancin masu kallo sai watan Maris yazo suke tunawa da ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, lokacin da babbar gasar ƙarshen sizin da ake cewa March Madness ta kankama kowa na maganarta, su kalli wasa biyu uku shikenan sai baɗi. Ni a ganina wannan asara ce babba. Daɗin harkar yana wajen wanda ya riƙe tim ɗaya tun farkon Nuwamba, yasan yaran ɗaya bayan ɗaya, yasan wanda hannunsa ke rawa in wasa ya zo ƙarshe da wanda ko a jikinsa. Toh in kana son ka gwada bana ga yadda nake yi.

Ka fara da zaɓar tim ɗaya tak. A matakin farko na NCAA, ƙungiyar dake kula da wasannin jami'o'in Amurka, wato Division I, makarantu sun haura 350, babu mai iya binsu duka ko da bashi da wani aikin. Wasu suna zaɓar manya irinsu Duke, Kentucky, Kansas, North Carolina ko UCLA mai kofi 11, wasu kuma saboda wani ɗan wasa suke shiga, kamar masu son Houston don a nan Hakeem Olajuwon yayi wasa har suka kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984. Ni Virginia na riƙa tun zamanin koci Tony Bennett, dalilina kawai tsaron gidansu ne ya burgeni. Duk wadda ka ɗauka dai ka tsaya a kanta. Daga nan ka shiga shafin makarantar ka sauke jadawalin wasanni da sunayen 'yan wasa, ka duba waye ɗan shekarar farko waye ɗan shekarar ƙarshe, kuma su waye suka zo ta tiransifa, don tun da aka buɗe ƙofar canjin makaranta a 2018 sannan a 2021 aka yarda yara su samu kuɗi da sunansu da hotonsu, tim ɗin bara ba lallai ita zaka tarar bana ba, wani lokacin rabin fuskokin sababbi ne.

In NBA ka saba kallo akwai 'yan dokoki da zasu ruɗa ka a satin farko. Nan a wasan maza rabi biyu ake yi, minti 20 kowanne. Agogon jifa, wato lokacin da tim ke dashi tayi jifa in ta karɓi ƙwallo, sakan 30 ne, fawul biyar ɗan wasa ya fita, ƙarin lokaci minti biyar. Wadda nakeso ka riƙe sosai itace ta fawul na bakwai: in tim ta tara fawul bakwai a rabi ɗaya, wanda aka yiwa fawul zai je layi yayi jifa ɗaya, in ta shiga a bashi na biyu, in ta ƙi shikenan ƙwallo ta koma wasa. Sai an kai fawul goma ake bada biyu kai tsaye. Wannan 'yar dokar wallahi ta kashe wasanni da yawa, yaro ɗan shekara 19 tsaye a layi, saura sakan ashirin, ɗalibai dubbai a bayan kwando suna ihu suna kaɗa hannu, in ya ɓarar da ta farko an tafi da ƙwallon.

An kasa makarantun rukuni-rukuni, Nuwamba da Disamba kuma lokacin wasa ne da makarantun da ba 'yan rukuninku ba. A nan zaka ga tim ɗinka ta gayyato wata ƙaramar makaranta gida ta lallasa ta da tazarar maki talatin, kar wannan ya ruɗe ka, irin waɗannan wasannin sau da yawa biyan ƙaramar makarantar ake yi tazo. Abin dubawa shine ƙananan gasannin da ake yi wajen ƙarshen Nuwamba a filin da ba na kowa ba, irin Maui Invitational a Hawai ko Battle 4 Atlantis a Bahamas, wasa uku cikin kwana uku da manyan tim. Juma'ar da zatayi kyau tun daga Laraba ake ganeta. Ka lura da mutum nawa koci ke sakawa, su waye biyar ɗin farko, waye ke fara tasowa daga benci, kuma in mai raba ƙwallo ya zauna hutu wa ke riƙe tim ɗin. In babu amsar wannan ta ƙarshen toh ka shirya ciwon kai a Janairu.

Batun lokaci kuma, in kana nesa da Amurka wasan ƙarfe 7 na yamma agogon gabashin ƙasar yana faɗowa 12 na dare agogon GMT, na yammacin ƙasar kuwa sai can wajen asuba. Wasannin Asabar sun fi sauƙi don da rana ake fara su. Wanda ka rasa ka nemi hailait a YouTube washegari. Sannan a Lahadi ta biyu ta watan Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, mutane da yawa sun rasa rabin farko saboda mantawa da haka.

Daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Maris ne ake shiga wasannin rukuni, wato konfarens, irinsu ACC, Big Ten, SEC, Big 12 da Big East, wasa 18 ko 20 da makarantun da suka san juna ciki da bai. Nan ne ainihin sizin yake, kuma nan ne sabon mai bi yake yin kuskuren da yafi kowanne, wato ƙirga nasara kawai. Tim mai nasara 24 zata iya zama a gida a Maris mai 20 ta wuce, don kwamitin dake zaɓe yana tambayar wa ka doke kuma a ina. Tun sizin ɗin 2018-19 NCAA take amfani da wani ma'auni mai suna NET dake jera tim bisa ƙarfinsu, an kasa wasanni aji huɗu, aji na ɗaya shine ka kara da tim ta 1 zuwa 30 a gidanka, ko ta 1 zuwa 50 a filin da ba na kowa ba, ko ta 1 zuwa 75 a gidanta. Kaga kenan cin wasa awe a gidan tim ta 70 yafi daraja akan doke ta 40 a gidanka. Kuma da gaske cin awe a jami'a wahala ne, filin Duke na Cameron bai kai mutum dubu goma ba amma ɗaliban suna tsaye dab da layi tun daga farko har a tashi, baƙo ko muryar kocinsa baya ji.

Jerin tim 25 da kamfanin labarai na AP ke fitarwa duk Litinin ka duba shi don nishaɗi, ƙuri'ar 'yan jarida ce, bata shigar da kowa gasa. Wanda yafi amfani shine lissafin Ken Pomeroy da ake kira KenPom, shi yana auna maki nawa tim ke ci da nawa ake ci mata a duk riƙon ƙwallo 100. Wannan ya buɗe min ido sosai akan Virginia, don su a hankali suke wasa, sai su cinye kusan duk sakan 30 ɗin kafin suyi jifa, wasa ya tashi 58 da 50 mutane suce basu iya cin maki ba, alhali riƙon ƙwallon ne kaɗan. Bayan kowane wasa ka buɗe ƙididdigarsa ka duba abu uku: sau nawa aka zubar da ƙwallo, ribawun nawa, wato ƙwallon da ta ƙi shiga ta dawo, aka kama a kwandon abokan karawa, da kuma jifan layi nawa ya shiga. Minti biyu ya isheka.

In Fabrairu tazo tim ɗinka ta sha kashi uku a jere kar ka jefar da ita. UConn, wato jami'ar Connecticut, ta 2011 ta gama rukunin Big East da nasara 9 rashin nasara 9, sai Kemba Walker ya jasu suka ci wasa biyar cikin kwana biyar a Madison Square Garden, suka ɗora da shida a babbar gasa suka ɗau kofi. NC State ma a 2024 sai da ta ci biyar cikin kwana biyar a gasar ACC kafin ta samu shiga, kuma ta kai har huɗun ƙarshe. Sirrin shine duk tim ɗin da ta ci gasar rukuninta a farkon Maris ta samu tikiti kai tsaye komai lalacewar sizin ɗinta. A 2025 irin waɗannan tikitin 31 ne, sauran 37 kwamiti ya zaɓa, jimilla 68. Ranar Lahadin da ake sanar da sunayen, Selection Sunday, ka zauna ka kalla kai tsaye, ana baiwa kowace tim lamba daga 1, mafi ƙarfi, zuwa 16 a shiyyoyi huɗu, tim takwas kuma su fara karawa a Dayton ta jihar Ohio. Daga nan duk wanda aka doke sau ɗaya ya tattara kayansa.

Wannan sau ɗayan ka shirya masa zuciyarka tun yanzu. A 2018 Virginia ta shiga gasar da nasara 31 rashin nasara 2 kacal, itace ta ɗaya a ƙasar gaba ɗaya, aka haɗa ta da UMBC, wata jami'a a jihar Maryland, mai lamba 16, kuma kafin ranar ba'a taɓa samun mai lamba 16 ta doke mai lamba 1 ba a gasar maza. An tafi hutun rabin lokaci 21 da 21, na cewa kaina zasu farfaɗo, aka dawo UMBC ta dinga zuba maki uku kamar ruwan sama, aka tashi 74 da 54. Na daɗe zaune bayan an tashi ban ko kashe waya ba, wata huɗu na bibiya ya tafi a minti ashirin.

Da Nuwamba ta zagayo na sake sauke jadawali, kusan yaran nan ne dai suka dawo, Kyle Guy da Ty Jerome da De'Andre Hunter. A Maris 2019 wasan farko ma sai da wata mai lamba 16, Gardner-Webb, ta basu tazarar maki 14 kafin su dawo hayyacinsu. Amma wanda bazan manta ba shine na takwas ɗin ƙarshe da Purdue, ranar da Carsen Edwards na Purdue ya zuba musu maki 42 shi kaɗai. Saura ƙasa da sakan shida, Purdue na gaba da maki uku, Jerome na layi. Ya jefa ta farko ta shiga, ta biyu ta bugi ƙarfe, Mamadi Diakite ɗan ƙasar Gini ya doke ƙwallon da hannu ta tafi can baya ta wuce tsakiyar fili, Kihei Clark ɗan shekarar farko kuma mafi gajarta a filin ya bita da gudu ya kamo, maimakon ya wurga daga nesa kamar yadda kowa zai yi sai ya cillawa Diakite da hannu ɗaya, shi kuma ya saketa tun kafin ya gama kamawa, ta shiga daidai lokacin da ƙararrawa ta kaɗa, 70 da 70. Sun ci a ƙarin lokaci, suka wuce Auburn da maki ɗaya tak bayan Guy ya jefa uku a layi saura ƙasa da sakan ɗaya, sannan suka doke Texas Tech 85 da 77 a wasan ƙarshe, shima a ƙarin lokaci.

In an ɗaga kofi a farkon Afrilu kar ka rufe shafin tukuna, satittikan dake biye ne ake sanin wa zai tafi NBA, wa ya nemi tiransifa, ko koci na nan ko wata makaranta ta ɗauke shi. Ka rubuta sunayen waɗanda suka rage a wani wuri, in Oktoba tayi ka ɗauko ka gwada da sabon jerin da makarantar zata fitar.