Yadda Ake Sake Tayar da Gidan Gado da Hotuna da Kwali

Da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa cibiya a Yakasai ko Mandawari ko gindin Dala a birnin Kano yanzu suna zaune a Hotoro ko Rijiyar Zaki, wasu ma a ƙasashen waje, gidan ƙasar da suka tashi a ciki kuwa an rushe shi an yi na bulo. Idan kewar gidan ta taso, abin da ya rage shi ne hotunan da ke ƙasan akwatin Inna, kuma da su za a iya sake tayar da shi a cikin ɗan akwatin kwali.

Kada a kuskura a sa wa hoton asali almakashi. A kai shi shagon wankin hoto a fitar da kwafi uku na kowanne a takarda mai kauri marar sheƙi, domin mai sheƙi ba ta kama gam sosai. A tanadi sabuwar reza, da rula ta ƙarfe, da kwali, da farin gam na kafintoci, duk akwai su a Kasuwar Sabon Gari. Gam ɗin sitaci kyankyasai yake jawowa, a guje shi.

A haɗa akwati mai faɗin santimita 20 da zurfin 8, sannan a jera hotunan yadda baƙo yake shiga gidan Bahaushe. Zaure ne a gaba, a yanke bakin ƙofarsa a bar shi buɗe, tsakar gida ta biyo, can ƙarshe kuma katanga da zankwaye. A bar tazarar santimita 2 tsakanin kowane layi, ta yadda ido zai ratsa zaure kafin ya isa ga mutanen gida.

Wajen mutanen ne aikin yake son natsuwa. A manna kwafin farko ɗungurungum, a na biyu a yanko mutumin shi kaɗai, a na uku kuma a ciro abin da zuciya ta fi riƙewa, kamar hannun Kaka a kan carbi ko karin hular Baba. A ɗora su bisa juna da ɗan guntun kwali a tsakani, sai a ga hannun ya taso da inuwarsa. A ganina wannan ɗagowar kaɗan ta fi duk wani ado. Farin gefen da reza ta bari a shafe shi da fensir mai ruwan ƙasa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar mutane ba, ya tsaya a kan ginin, da randa, da turmi, da bishiyar darbejiya.

Kafin a rufe fuskar akwatin da gilashi saboda ƙurar hunturu, a kai shi wurin babbar da ta rage a dangi, a ce: "Gwaggo, wace ce wannan a gefen Baba?" A rubuta sunayen da ta faɗa, da sunan unguwar, a bayan kwalin.