Yadda za ka nuna wa ɗalibai cewa wata ma yana jan duniya

Zanen da ke cikin yawancin littattafan makaranta yana nuna duniya zaune daram a tsakiya, wata shi kaɗai ke ta kewaya ta. Zanen nan bai taɓa gamsar da ni ba. Tun a 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa duk abubuwa biyu masu nauyi jan juna suke yi, kuma ƙarfin da duniya ke jan wata da shi, daidai yake da wanda wata ke jan ta da shi. Ita dai ta fi shi nauyi ne, shi ya sa motsinta bai kai nasa ba. Amma su biyun wuri guda suke kewayawa a tsakaninsu, wato cibiyar nauyinsu. Ga yadda nake nuna wa 'yan ajina, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ka nemi karan dawa busasshe, miƙaƙƙe, mai tsawon mita ɗaya, da zare, da yumɓu mai ɗan danshi. Ka raba yumɓun curi tara daidai wa daida, kowanne kamar girman ƙwan kaza. Haɗe takwas su zama ƙaton curi guda, ka soke shi a bakin karan, na taran kuma ka soke shi a ɗaya bakin. Ka ba su lokaci su ɗan sha iska, don ɗanyen yumɓu sulɓewa yake yi da zarar an fara juyi.

Sai ka kira ɗalibi ɗaya ya ɗora karan a kan yatsarsa, ya yi ta matsawa har ya sami inda ba ya rinjaya ta kowane ɓangare. Kusan kullum daga tsakiya suke farawa, karan ya kife, aji ya kwashe da dariya. Ka ƙyale su, kada ka faɗa musu. Wurin yana can kusa da babban curin. A lissafi, santimita 11 ne daga tsakiyarsa, sai dai nauyin karan kansa zai ɗan tura shi gaba. Ɗaure zaren a nan, ka rataye, ka juya a hankali. Ka ce su zuba wa babban curin ido, su manta da ƙaramin. Za su ga shi ma ba a tsaye yake ba, yana zana 'yar ƙaramar da'irarsa.

Abin da kuka haɗa ɗin nan Fuluto ne, wata 'yar ƙaramar duniya da ke kewaya rana can nesa, da watansa Karon, wanda James Christy ya gano a 1978. Fuluto ya ninka Karon nauyi kusan sau 8, tazararsu kuma wajen kilomita 19,600. Raba tazarar da 9, wato takwas a tara da ɗaya, za ka sami sama da kilomita 2,100 daga tsakiyar Fuluto. Shi kuwa daga tsakiyarsa zuwa doronsa bai kai kilomita 1,200 ba. Ke nan cibiyar tana waje, a fili, su biyun suna kewaya wurin da babu komai duk bayan kwana 6.4.

Tamu duniyar fa? Ita kam kada ka wahalar da kanka da yumɓu, ka koma allo. Ta ninka wata nauyi kusan sau 81, kuma idan curin ya ƙanƙance haka, nauyin karan zai ɓata komai. Rubuta matsakaiciyar tazarar, kilomita 384,400, ka sa su raba da 82. Amsar za ta faɗo kusa da 4,700. Daga tsakiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne, don haka cibiyar tana cikin cikinta, wajen kilomita 1,700 ƙarƙashin ƙafafunmu. Duniya na lilo a kan wannan wuri sau ɗaya a kwana 27.3. Nan ne mai kaifin basira zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me ya sa ba ma ji?" Saboda mu da ƙasar da duk abin da ke kanta tare muke tafiya.

Ka gaya musu inda karan ya gaza, don kada su tafi da shi a ka. A sama babu kara, jan ne kawai ke riƙe su, kuma tazarar tana sauyawa tsakanin kimanin kilomita 363,000 da 405,000. Karan kuma ba zai nuna cikowa da janyewar teku ba. Jan wata ya fi ƙarfi a ɓangaren duniya da ke fuskantarsa fiye da na can baya, wannan bambancin ne ke sa teku cikowa sau biyu a kusan kowace rana. Gugar da ruwan ke yi tana rage wa duniya saurin juyi, yini na ƙara tsawo da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a shekara 100, wata kuma yana ƙara nisa da santimita 3.8 a shekara. Ana auna wannan ne ta hanyar harba hasken leza zuwa madubin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a kan wata a 1969.

Irin wannan birkin duniya ta riga ta taka wa wata tun tuni, shi ya sa fuska ɗaya kawai yake nuna mana. Aikin gida: kowa ya zana tabon da ya gani a jikin wata daren sha huɗu, ya sake zanawa a na watan gaba, a kawo takardun biyu a gwada.