Kurakuran da aka fi yi game da yadda tantanin jiki ke kare kansa daga bairas

Ka tambayi ɗalibin kimiyyar lafiya yadda jiki ke yaƙar bairas, amsar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce antibodi, wato furotin da jiki ke ƙerawa a jini don ya kama ƙwayar cuta. Bai yi ƙarya ba, sai dai ya soma labari daga tsakiya. Antibodi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya yawaita a jinin wanda bai taɓa haɗuwa da cutar ba. Kafin nan, tantanin da bairas ya shiga, wato ƙwayar halittar jiki, shi ke kare kansa da furotin ɗin da ke cikinsa. Daga cikinsu, RIG-I da MDA5 suna gane baƙon RNA, cGAS kuma yana gane DNA ɗin da ya tsinta inda bai kamata ba; RNA da DNA su ne sinadaran da ke ɗauke da rubutun gado. Wanda zai yi bayani, daga nan ya kamata ya fara.

Wani kuskuren shi ne cewa intaferon, furotin da tantani ke saki idan ya gane bairas, yana kashe bairas. Ko taɓa shi ba ya yi. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957, suna aiki da bairas ɗin mura mai tsanani. Aikinsa irin na sankira ne: tantanin da ya kamu ya sake shi, maƙwabta su ji, kowa ya ja ƙofarsa. Da saƙon ya isa, sai ɗaruruwan ƙwayoyin gado su farka su ƙera masu aikin na gaskiya. Daga cikinsu, PKR yana tsayar da ƙera furotin a cikin tantani, ta yadda bairas ba zai samu abin hayayyafa ba. OAS yana tada wani furotin mai suna RNase L, shi kuwa ya daddatse RNA, har da na tantanin kansa. Wato tantani yakan yarda ya yi asara, wani lokaci ma ya mutu, don kada cutar ta wuce shi. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da ake ji a farkon mura, wani ɓangarensu aikin intaferon ne, shi ya sa masu ciwon hanta nau'in C da aka riƙa yi wa allurarsa a da suke jin kamar mura ta kama su.

Akwai kuma masu cewa tunda jiki na da waɗannan makamai, duk wanda ya kamu garkuwarsa ce ta gaza. Wannan rashin adalci ne ga maras lafiya, domin bairas ma da shirinsa yake zuwa. A 2002 aka gano APOBEC3G, furotin da ke ɓata rubutun gadon HIV, amma HIV na da nasa furotin, Vif, wanda ke sa tantani ya lalata shi. A 2008 aka gano tetherin, wanda ke ɗaure sababbin bairas a jikin tantani su kasa fita, nan ma HIV-1, nau'in HIV da ya fi yaɗuwa, ya tanadi furotin Vpu da ke kawar da shi. Bairas ɗin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, yana da furotin NP da ke share RNA ɗin da zai tona masa asiri, don haka ba a kaɗa gangar intaferon da wuri. Idan za ka ambaci furotin mai kariya, ka haɗa da dabarar da bairas ke kauce masa da ita.

Batun "ƙara garkuwar jiki" da masu talla ke yi, shi ma a yi hattara da shi. Abinci mai gina jiki yana da amfani, babu musu, amma cin ƙwai da wake ba ya ninka intaferon, kuma yawansa ba alheri ba ne kullum: a cutar lupus, inda garkuwar jiki ke yaƙar jikin kansa, yawan nasa na cikin abin da ke ɓarna. Ƙarancinsa ma illa ne. A 2020 an samu cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa a wani babban bincike suna da antibodi da ke toshe intaferon ɗin jikinsu.

Sai kuskuren kemis, wato sayen maganin bakteriya don mura. Amoxicillin da ire-irensa bangon bakteriya suke rushewa, bairas kuwa ba shi da wannan bango. Mai mura ya huta, ya sha ruwa sosai, in zazzaɓi ya ƙi sauka ko numfashi ya yi wuya ya tafi asibiti a gwada shi.