Inda Tattabarar Daji Take Kiwo a Ingila Bayan Sanyi

Ga 'yan'uwa mazauna Ingila masu sha'awar harbin tattabarar daji, wadda 'yar'uwar hasbiyarmu ce amma ta fi ta girma, ina ba da shawarar ku fara da lura kafin ku ɗauki bindiga. A watannin Maris da Afrilu, idan sanyi ya ja baya, tsuntsayen sukan rage zuwa gonakin rapeseed (shukar da ake matse mai daga ƙwayarta) da suka ci duk lokacin hunturu, su koma gonakin da aka shuka sha'ir da wake, inda suke tsintar irin da ƙasa ba ta rufe ba. Irin wannan kiwo ba ya daɗewa, domin da zarar sun tsince ƙwayar sai su ƙaura.

Ku ware yini guda da madubin hangen nesa, ku gano hanyar da suke bi daga kurmin da suke kwana zuwa gonar, sannan ku kafa maɓoya a jikin shinge, iska tana bayanku, saboda suna sauka ne suna fuskantar iska. Lallai ku nemi izinin mai gona, kuma ku karanta sharuɗɗan lasisin gwamnati, wanda ya halatta harbin don kare amfanin gona.