Kafin ka faɗa wurin ninƙaya: yadda za ka tsare kanka da yaranka daga cutar ruwa

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an zuba kulorin a ruwan wurin ninƙaya shi ke nan duk wata ƙwayar cuta ta mutu nan take, har ma in suka ji warin nan mai ƙarfi ya daki hancinsu tun daga bakin ƙofa sai hankalinsu ya kwanta, wai ai ruwan ya sha magani. To gaskiya ba haka abin yake ba. Ruwan da ake kula da shi sosai warinsa kaɗan ne. Wancan warin mai sa hawaye yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da fitsari da gumi da man shafawa da dattin jikin mutane, sai ya rikiɗe ya koma wani sinadari da ake ce wa kuloramin, shi ne ke sa ido ya yi ja, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, mai asma kuma numfashinsa ya fara sarƙewa. Kuma duk kulorin ɗin da ya tafi wajen fama da fitsarin mutane an rage ke nan daga wanda zai kashe cuta.

Sannan kulorin yana buƙatar lokaci. A ruwan da aka daidaita maganinsa, ƙwayar i-kolai mai ɓata ciki kan mutu cikin ƙasa da minti 1, ta ciwon hanta nau'in A tana ɗaukar kamar minti 16, jiyadiya mai sa gudawa kamar minti 45. Amma akwai wata da ake ce wa kiriftosiforidiyom, a taƙaice kirifto, wannan kam tana da wani ɓawo mai tauri a jikinta da ke sa ta iya yin sama da kwana 7 a raye cikin ruwan da kulorinsa ya cika daidai. Ita ce ta fi haddasa ɓarkewar gudawa a wuraren ninƙaya, kuma hanyarta ɗaya ce, daga bayan gidan mai ɗauke da ita zuwa bakin wani.

Shi ya sa abu na farko tun daga gida yake farawa. In kana gudawa ko ɗanka yana yi, dan Allah kar ku shiga, ko da an riga an biya kuɗin tikiti, ko da yaron zai yi ta birgima yana kuka. In likita ya tabbatar kirifto ce to sai an yi sati 2 cif bayan gudawar ta tsaya kafin a koma, saboda mutum yana ci gaba da fitar da ƙwayar ko da ya ji ya warware. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk maganar, domin wanda ya shiga da ɓacin ciki ba kansa yake cuta ba, jaririn wata ne ko mai juna biyu ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ne zai kwasa, kuma irin waɗannan gudawar kirifto tana iya kwantar da su sosai har a kai ga gadon asibiti.

In kun isa kar ku yi gaggawar tuɓewa, ku ɗan zagaya tukuna. Je ka tsaya ta ɓangaren da ya fi zurfi ka leƙa, ya kamata ka hango ƙasan tarwai har da murfin magudanar da ke can ƙasa, in ruwan ya yi dishi-dishi ko ya ɗauko kore-kore to a haƙura kawai, ban da cuta ma ruwan da ba a ganin ƙasansa ko yaro ya nutse ba mai lura. Durƙusa ka shafa tayil ɗin bango daidai inda ruwa ya tsaya, in ka ji yana kama yatsa to madalla, in kuwa ka ji santsi da yauƙi kamar gansakuka to ƙwayoyin cuta sun yi gida a wurin kuma an daɗe ba a goge ba. Kasa kunne ka ji ko injin tace ruwan yana aiki, ko ka sa hannu wajen ramukan da ruwa ke fitowa a jikin bango ka ji yana turowa. Leƙa banɗakinsu ma, akwai ruwa da sabulu? Inda aka bar banɗaki kaca-kaca da wuya a ce ana awon ruwa kan lokaci.

Kuma ba rashin kunya ba ne ka tambayi ma'aikatan yaushe suka auna ruwan yau, wurin kirki suna da takardar da suke rubutawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada kulorin ya gaza miligiram 1 a kowace lita a wurin ninƙaya, a kwamin ruwan zafi da ake shiga a zauna a ciki kuma kada ya gaza 3, shi kuma ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH an fi so ya tsaya tsakanin 7.0 da 7.8, don in ya haura haka ƙarfin kulorin raguwa yake. Akwai ƴan tsinkayen takarda na gwaji da ake sayarwa, ka tsoma ɗaya na ƴan daƙiƙu ya canza kala ka gwada da jadawalin jikin kwalbar.

Wanka kafin shiga kuwa mutane sun raina shi, wasu ma gani suke ai wankan za su shiga yi. Minti 1 kacal a ƙarƙashin shawa yana wanke mafi yawan gumi da mai da datti, in da sabulu ya fi, kuma a wanke mazaunai da kyau don ko babban mutum mai tsafta akan samu ɗan ragowar bayan gida a jikinsa wanda ido ba ya gani. Fitsari a ruwa kuma a daina, babba da yaro.

Iyaye ga naku. Yaro ba zai ce miki yana jin kashi ba in wasa ya yi daɗi, ke ce za ki fito da shi duk bayan awa 1 ki kai shi banɗaki ko ya ce ba ya ji. Famfas ɗin iyo yana ɗan riƙe mai tauri na ɗan lokaci amma ba ya tare zawo sam, a dinga dubawa akai-akai, kuma a canza shi a banɗaki ba a kan kujerar bakin ruwa ba inda wani zai zo ya zauna da jiƙaƙƙen wando ya koma ciki, sannan a wanke hannu da sabulu, don man goge hannu mai barasa ba ya kashe kirifto. Ki kuma lura da bakinsa, za ki ga yaro ya cika kumatu da ruwan ya feso wa ɗan'uwansa a fuska yana ƙyalƙyala dariya, rabin abin da ya guntsa ya riga ya wuce ciki. A koya musu rufe baki, a zo musu da ruwan sha don kar ƙishi ya sa su kurɓa.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Silifas a ƙafa wajen shawa da ɗakin canza kaya saboda cin ruwa, kowa da tawul ɗinsa, mai buɗaɗɗen ciwo ya bari ya warke ko ya rufe da filasta da ruwa ba ya ratsawa. Mai sa gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido ya cire kafin ya shiga, akwai ƙwayar da ke maƙalewa a ƙarƙashinsa ta ci ido. Kwamin ruwan zafi ya fi son a kula, zafi yana cinye kulorin da sauri, daga nan ake samun ƙuraje masu ƙaiƙayi a inda kayan iyo suka matse, kuma tururinsa na iya ɗaukar ƙwayar lijiyonela mai kama huhu, musamman ga tsofaffi da masu shan taba. Ƙanjamau dai ba a ɗaukarsa ta ruwan ninƙaya, wannan a kwantar da hankali.

Da kun fito a sake watsa ruwa, a cire jiƙaƙƙun kaya. Kunne kuma a karkata kai gefe a ɗan ja fatar kunnen ruwan ya zubo, a goge bakinsa da tawul, ban da zura tsinken auduga don yana kankare dauɗar da ke kare kunnen. In bayan ƴan kwanaki yaro ya fara ihu da an taɓa kunnensa ko yana fitar da ruwa, a kai shi asibiti.

Gudawar kirifto takan ɗauki kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana, shi ya sa mutane ba sa danganta ta da iyon da suka yi satin da ya wuce. In ta zo a fara ba da ruwan gishiri da sukari na ORS, in da jini ko zazzaɓi ko amai ya ƙi tsayawa ko yaro ya daina fitsari a garzaya asibiti, kuma a faɗa wa likita an shiga wurin ninƙaya da ranar da aka shiga. A sanar da masu wurin su ma, don kulorin na yau da kullum ba zai kashe ta ba, sai sun rufe sun ƙara maganin ya ninka sosai na tsawon awanni kafin su sake barin kowa ya shiga.